Maɓallin da ke Ƙarƙashin Tebur

Ranar Litinin

Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban 'yan biyu da su 'yan biyun. Ya aikin asibiti da yawan tsayuwa? Ya ƙafar Mama, kumburin ya saɓe kuwa? Mu nan lafiya ƙalau, sai kewarku.

Na san za ki ce ga waya a hannuna, me ya kai ni ga biro da takarda. Ki bar ni, Yaya. A duk littattafan da nake karantawa, mace ba ta zuba babban labari a saƙon waya, ni kuma yau babban labari ne a bakina.

Kin tuna ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, wanda kika ce ya dace da ajiye kwanuka? Maigidan ya mai da shi ɗakin wasansa. Tebur ne guda, da kwamfuta, da kujera mai juyawa, da hedifon baƙi wanda yake lallaɓawa kamar ƙwai. Su huɗu suke wasan tun suna makaranta, shekara takwas ke nan: shi, da Tela, da Direba, da shugabansu, wani malamin lissafi da suke kira Kyaftin. Kowa yana gidansa, amma cikin wasan suna tare, suna ɓuya a wani tsohon gini suna farautar wasu mutum huɗu. Aikin Maigidan shi ne saurare. Tun kafin a ga abokin gaba zai ce yana hagu, yana hawa bene, kuma haka ɗin ne. Shi ya sa suke ce masa Kunnen Zomo. Na taɓa kiransa da sunan a gaban baƙi, ya harare ni, amma na ga yana cije dariya.

Nan da sati uku, ranar Asabar, za su shiga gasa a babban ɗakin taro, karo na farko da za su yi wasa a gaban jama'a. Gidan nan ba a maganar komai sai ita.

To ga labarin. Idan ya tafi wurin aiki yakan bar mini kwamfutar in kalli fim ko in saurari karatun littafi. Shekaranjiya ina share ƙarƙashin teburin sai tsintsiya ta taɓo wani abu. Na durƙusa na leƙa, ashe ɗan akwati ne kamar na ashana a jikin wayar hedifon, ya manne shi da salatef can ciki don kada ya riƙa lilo. Maɓalli ɗaya ne a jikinsa. Kin san ƙanwarki da ƙaiƙayin hannu. Na danna, wata 'yar fitila ta kama, na koma kujera na kunna fim ɗina.

Yaya, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Da can sautin a cikin kaina yake zaune, wani a kunnen dama, wani a na hagu. Da na danna, sai ya fita daga kaina ya cika ɗakin, ɗakin ma ya ƙara faɗi. Ana ruwan sama a fim ɗin, na ji shi a samana da bayana, har na ɗaga ido na duba rufi. Da aka buɗe ƙofa a fim ɗin sai na waiwaya, na zaci maƙwabciyata ce ta shigo aron wuƙa. Mai karanta littafin ma muryarta ta koma kamar tana zaune a gabana a wani babban falo, ni kaɗai take ba labari. Shekara nawa ina karanta "sai ta ji takunsa a bayanta", sai yanzu na san abin da ake nufi.

Ban gaya masa ba. Ba don tsoro ba, don dai kowace mace tana son ɗan sirrinta, nawa kuma bai fi akwatin ashana ba. Na bar fitilar a kunne don kada in riƙa rarrafe kullum.

Ki gaida Mama, ki sumbaci 'yan biyu, ki ce Baban 'yan biyu ya rage tsokanata.

Taki har kullum,
Auta

Ranar Laraba

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar lafiyarki da ta iyali. Na ga amsarki, na kuma ji daɗi da ƙafar Mama ta fara taka ƙasa. Allah ya ƙara sauƙi. Dariyar da kika yi mini a kan duba rufi kuwa na ajiye ta, zan rama.

Kwana tara ke nan da wasiƙata ta farko, abubuwa sun ɗan canza a gidan nan. Mura ta kama Maigidan a farkon satin da ya wuce, kunnensa ya toshe kwana biyu. Murar ta tafi, amma ya ce jinsa bai dawo daidai ba. Ni yana jina sarai, ko cokali na yar a kicin sai ya tambaya. A cikin wasan ne abin yake. Ya ce sautin ya zama kamar ana magana a cikin rijiya, zai ji taku a gabansa alhali mutumin yana bayansa, ko ya ce yana nesa sai ga shi a kansu. Ranar Lahadi da yamma sau biyar a jere yana tura su Tela inda babu kowa. Ina jin Direba ta hedifon yana tsokanarsa, wai zomon ya tsufa, a sayo masa sanda. Ya yi dariya tare da su, amma da ya cire hedifon ko abincin da na kai masa bai taɓa ba.

Ya bincika kwamfutar ciki da bai, ya ce komai yana yadda ya bar shi. Daga nan tunaninsa ya koma kan aikinsa. Kin san wurin gyaran janareta, daga safe har yamma ƙara ce, kuma Ogansu na da kurma ne tun kafin ya yi furfura. Sai ya riƙa toshe kunne ɗaya yana sa ni in kaɗa makulli a bayansa, ya nuna inda nake. Kullum yana canka daidai, amma hankalinsa bai kwanta ba. Na matsa masa, jiya muka je gwajin kunne. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki, yana ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Likitar ta ce kunnensa garau, ya dai riƙa sa abin toshe kunne a wurin aiki. Na zaci zai yi murna, sai ya ce mini a hanya wannan ya fi muni, ciwon da likita ba ta gani ba wa zai yi maganinsa.

Ga abin da ya fi damuna. Kyaftin ya zo gida da kansa, ya ƙi zama, ya ƙi shan shayi. Mutumin kirki ne, amma malamin lissafi ne, komai nasa a ƙididdige. Ya ce ranar Juma'ar sati mai zuwa da ƙarfe sha biyu na rana za a rufe karɓar sunayen 'yan gasa. Ranar Alhamis, ana gobe za a rufe, za su yi wasan gwaji. Idan kunnen bai dawo ba, akwai wani abokin aikinsa, malamin kimiyya, da zai hau kujerar. Shekara takwas, Yaya. Maigidan ya ce hakan shi ne adalci, ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya zauna a ɗakin bai kunna komai ba.

Amma kada ki damu, na riga na gano maganin, tun jiya nake tsalle ni kaɗai. Idan ba kunne ba ne, ba kwamfuta ba ce, ai hedifon ne ya tsufa! Shi ba zai yarda ba don yana ƙaunarsa, ni kuwa zan je kantin kayan kwamfuta in sayo sabo, in naɗe shi a takarda mai ƙyalli, in ɗora a kujerarsa ranar gwajin. Har na tsara yadda zai juyo ya dube ni. A littafi nan ne ake rufe babi.

Ki taya ni da addu'a, kada kuma ki gaya wa Baban 'yan biyu, bakinsa ba ya riƙe magana.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta

Ranar Alhamis da yamma

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da kowa da kowa. Ina fatan kuna lafiya. Ki gafarce ni da gajeriyar gaisuwa, hannuna ya fi bakina sauri yau.

Jiya na je kantin. Wata mata ce a wurin, mai tabarau, ga alama ta san kayanta. Na zayyana mata komai, rijiyar, da gaba da ke komawa baya. Ba ta ɗauko mini sabo ba, sai ta tambaye ni ko hedifon namu yana da ɗan akwati a jikin wayarsa. Na ce yana da shi. Ta zaunar da ni, ta sa mini irinsa a kai, ta kunna wasa, ta ce in rufe ido in nuna inda mai tafiya yake.

Da farko sautin a matse yake, babu ado, amma takun a fili yake kamar an ɗiga tawada a farar takarda. Na nuna hagu, ta ce daidai. Ta ce wannan shi ne sitiriyo, sifika biyu, hanya biyu, abin da wasan ya aiko shi kunne yake samu. Sai ta danna maɓallin. Nan take falon nan nawa ya buɗe, faɗin nan da nake ƙauna, har na yi murmushi. Ta ce in nuna mai tafiya. Na ɗaga hannu na rasa inda zan kai shi. Yana ko'ina, kamar turare a ɗaki.

Ta ce wannan sautin kewaye ne, su suna ce masa sarawun. Sifikun nan biyu ne dai ba su ƙaru ba, akwatin ne yake yi wa kunne dabara, ya jinkirta wani sauti, ya ƙara wa wani amsa-kuwwa, har mutum ya ji kamar sifika bakwai sun zagaye shi. Ta ce a fim abin daɗi ne, a wasu wasannin ma yana taimakawa. Amma irin wasan su Maigidan ya riga ya tsara sautinsa don hedifon, ya san gaba ya san baya. Idan aka ɗora dabarar akwatin a kan tasa, kamar tela biyu ne su yanka yadi ɗaya kowa da awonsa. Ta ce in je in duba ko fitilar tana kunne, ba sai na sayi komai ba.

Yaya, nan take na gane. Ba sai na duba ba. Ni na kunna ta, 'yan kwanaki kafin murar. Shi kuwa tun ranar da ya manne akwatin bai sake leƙa ƙarƙashin teburin ba, ya manta ma da shi. Gwajin asibiti, kaɗa makulli, rashin cin abinci, duk daga ɗan yatsana. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan duhun ni na kawo shi.

A hanyar gida na shirya jawabin neman gafara har kala uku. Da na shiga ɗakin sai wata zuciyar ta ce mini, me ya yi zafi? Na rarrafa na danna, fitilar ta mutu, na gyara salatef ɗin, na share wurin. Na ce gobe kunnensa zai dawo, ya ci gwajin, kowa ya huta, ni ma asirina ya rufu.

Yau da la'asar suka yi gwajin, su Tela suka kwaso kwamfutocinsu suka cika mana falo da wayoyi. Ina ma kin gani! Minti biyu da farawa ya gyara zama, ya karkata kai, ya ce biyu a bene, ɗaya a bayan ƙofa, kuma haka ɗin ne. Bai kuskure ko sau ɗaya ba. Direba ya miƙe yana buga tebur, Tela ya ce zomo ya dawo daga jinya. Ni ina bakin ƙofar kicin da faranti a hannu, zuciyata fari ƙal, ina cewa na tsira.

Da aka gama Kyaftin ya ciro takardar sunaye zai rubuta, sai Maigidan ya riƙe masa hannu. Ya ce kada ya sa shi. Ya ce kunnen da ya tafi sati biyu ba dalili, ya dawo yau ba dalili, zai iya sake tafiya ranar Asabar a gaban jama'a, shi kuma ba zai kai abokansa ya baro su ba. A sa malamin kimiyya. Suka yi ta lallashinsa, ya kafe. Kyaftin ya ninke takardar ya sa a aljihu, suka tafi kamar an dawo daga ta'aziyya.

Garin gyaran gira na tsone ido. Ga shi can a falo yana naɗe wayoyi, ni ina nan ina rubuta miki abin da ya kamata shi in gaya wa. Sau biyu na je bakin ƙofa na dawo. Na san wasiƙar nan ba za ta iso gare ki kafin gobe sha biyu ba, na kuma san abin da za ki ce.

Ki yi mini addu'ar ƙarfin hali.

Taki,
Auta

Ranar Asabar da safe

Yayata, rabin raina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Mama da Baban 'yan biyu da yarana. Da fatan kun tashi lafiya. Ki nemi wuri ki zauna, a tsaye nake rubutu, mayafina a kafaɗa.

Ranar Alhamis ban iya faɗa ba. Jiya da safe ma na kai masa shayi, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko sukari ya isa. Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Na zauna ina kallon agogo. Da goma ta wuce na ga babu wani jarumi da zai zo ya warware mini, na sa takalmi na nufi wurin aikinsu, inda ban taɓa zuwa ba.

Rumfa ce doguwa ta kwano, ƙasa duk baƙin mai, janareta a jere kamar shanu a turke, uku suna aiki lokaci guda. Na hango shi a tsugune da sifana, ya sa abin toshe kunnen da likita ta ce. Ya gan ni ya miƙe a tsorace, ya zaci wani abu ne ya samu Mama. Na fara jawabina mai kyau a hankali, ya nuna kunnensa alamar ba ya ji. Na ɗaga murya, bai ji ba. Na ƙara. Ogansu ya ga mace tana ta ɗaga hannu, sai ya kashe injinan don ya taimaka, daidai lokacin da na tattara duk ƙarfina na ce, "Ni ce na danna maɓallin da ke ƙarƙashin tebur!"

Rumfar ta yi tsit. Maza shida suka juyo. Wani dattijo mai walda ya ɗage gilashinsa ya ce subhanallahi, ko da yake bai san wane tebur ba. Na ƙarasa bayanin a gabansu, matar kanti, sifika biyu, tela biyu, har da abin da na yi ranar Laraba. Maigidan ya ajiye sifanar. Ya goge hannu, ya nemi izinin Oga, ya ce in hau babur.

A gida ya shiga ƙarƙashin teburin da kayan aikinsa, ya ɓalle salatef ɗin, ya sa hedifon, ya kunna wasan. Ya danna, ya saurara. Ya sake dannawa. Ya yi haka ya fi sau goma, fuskarsa tana sakewa kaɗan-kaɗan, sai ga dariya ta ƙwace masa, ya kwanta a ƙasa yana yi har da hawaye. Na fara taya shi, sai ya tsaya. Ya ce danna maɓalli ba laifi ba ne, kowa zai iya. Sannan ya ce, "Amma ranar Alhamis kina tsaye kina jina ina ajiye kujerata, kin san dalili, kika yi shiru."

Yaya, gara ya yi mini tsawa. Ban kawo uzuri ba, na ce tsoro ne da kunya, na ba shi haƙuri ba da kalmomin littafi ba. Ya daɗe yana kallon akwatin a tafin hannunsa. Ya ce ya haƙura, amma nan gaba in na yi ɓarna in kawo ta da zafinta, kuma ni zan yi wa su Direba bayani da bakina, shi ba zai iya ba.

Lokacin sha biyu saura kwata. Ya kira Kyaftin, waya a kashe, yana aji. Ya sake kira. Muka kira Tela, wanda shagonsa yake kallon makarantar, ya bar mai gwajin riga da hannu ɗaya a ciki ya tsallaka titi a guje. Minti biyar muna zaune muna kallon waya, ban taɓa ganin minti biyar masu tsawon waɗannan ba. Sai ga kiran Kyaftin. Ya saurari komai bai katse ba. Ya ce shi tun ranar Alhamis lissafin bai fita masa ba, don haka ya cike layi uku ya bar na huɗu, bai ma yi wa malamin kimiyya magana ba tukuna. Ya ce a ba shi minti ɗaya. Muna ji yana dannawa, sai ya ce sunan ya shiga.

Da yamma na yi wa su Direba bayanin kamar yadda aka yanke mini. Ba zan gaya miki sunan da suka laƙaba mini ba, don na san har jikokina sai sun ji shi a bakinki.

Ban sani ba ko za su ci gasar. Maigidan ya ce akwai ƙungiyoyin da suka fi su nesa ba kusa ba, wataƙila a zagayen farko a koro su. Ni dai na ga takardar da idona, sunansa ne na huɗu. Ya goge takalminsa sau biyu, ya kasa karyawa don zumuɗi. Ga Direba can yana ta danna hon a ƙofar gida, Tela yana ƙwala mini kira wai a gaba zan zauna inda za su riƙa ganin hannuna. Zan jefa wannan a akwatin gidan waya a hanya.

Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki da ba ta jin magana,
Auta